Littattafan René Guillot huɗu daga shimfiɗar wani dattijo a Yamai

A farkon babban hutun bana na shiga neman abin da zai raba yarana biyu da wayar uwarsu, kuma neman ya kai ni wurin wani dattijo da ke shimfiɗa tsofaffin littattafai a gindin wani bango, ba nisa da Babbar Kasuwar Yamai. Duk mazaunin garin nan ya san irin wannan sana'a: a baza buhu ko tabarma a ƙasa, a jera littattafai a kai, a danne na bakin gefe da duwatsu don kada iska ta yi awon gaba da su. Littattafai huɗu na saya a wurinsa, dukansu na René Guillot, Bafaranshen da ya yi suna wajen rubuta wa yara labaran namun daji, kuma yanzu da muka karance uku, na huɗun kuma ya tsaya mana a rabin hanya saboda dalilin da zan ambata can gaba, ina ganin na samu abin faɗa a kan wurin da kuma hajar da na sayo.

Mafi yawan abin da ke kan shimfiɗar littattafan lakwal ne: lissafi, nahawun Faransanci, tsofaffin tambayoyin jarrabawar BEPC da ta BAC, da ƙamusoshin da suka rabu da bangonsu tun tuni. Wannan ba abin mamaki ba ne, domin su ne ke kawo masa kuɗi idan watan Oktoba ya kama, iyaye suka fito riƙe da takardar kayan da makaranta ta buƙata. Littattafan labari suna cikin wani kwali a bayansa, wanda ba ya buɗewa sai an tambaya, saboda haka wanda ya tsaya ya dubi shimfiɗar kaɗai zai wuce yana zaton babu su. Da na ce masa ina son littafin dabbobi na yara, bai miƙo mini na farkon da hannunsa ya taɓa ba. Sai da ya tambaye ni shekarun yaran, da ajin da kowannensu yake, da kuma ko su za su karanta da kansu ko ni zan karanta musu. Na gaya masa babban yana da shekara 12 kuma ya gama CM2, ajin ƙarshe na firamare, ƙanwarsa kuma tana da 9. Ya ture wasu masu manyan hotuna gefe, ya zaro waɗannan huɗun daga ƙasan kwalin, ya kaɗe musu ƙura, sannan ya ce: "Mushe, mai hoto kafin la'asar yaro ya gama da shi, amma waɗannan kowane ɗaya zai riƙe maka shi mako guda." Ko ma ina bokonsa ya tsaya, mutumin ya san abin da ke cikin kwalinsa, kuma wannan sanin shi ne abin da na fi yaba masa, domin na sha shiga kanti mai gilashi da fanka inda mai tsaron bai san komai game da littafi ba sai farashin da aka manna a bayansa.

Ya fara da jika biyu kowane littafi, muka yi ciniki cikin mutunci har muka tsaya a jika biyar duka huɗun, kuɗin da a kantin sababbin littattafai da ƙyar zai ishe ni guda ɗaya. Ya kuma ce idan yaran sun gama ina iya maido su, in ɗora dala hamsin a kan kowanne in ɗauki wani, kuma ga uban da yaransa suka kamu da son karatu wannan musayar ta fi rangwamen amfani.

Shi marubucin, an haife shi a 1900 a Courcoury, wani ƙauye a yammacin Faransa, ya rasu a Paris a 1969. Malamin lissafi ne, kuma aikin koyarwa ne ya kawo shi Senegal, inda ya yi fiye da shekara 20 a zamanin da Dakar ke riƙe da ragamar dukan ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa ke mulka, har da tamu. A tsawon zaman nan ya yi tafiye-tafiye cikin daji, ya saurari tatsuniyoyi da labaran mahalba, kuma daga wannan rumbun ne ya riƙa ɗiba bayan ya koma gida. Littafinsa na giwa, Sama, prince des éléphants, ya fito a 1950 ya kuma ci kyautar Prix Jeunesse. Sirga la lionne ya biyo baya a 1951. A 1964 aka ba shi lambar Hans Christian Andersen, wadda ake bayarwa duk shekara biyu tun 1956 kuma ake ɗauka a matsayin mafi girma a adabin yara na duniya. Shi ne Bafaranshe na farko da ya same ta a fannin rubutu, kuma sai da aka yi shekara 58 kafin Marie-Aude Murail ta sake kai ta Faransa a 2022. Na kawo wannan ne domin mai saye ya san cewa littafin da ake danne wa da dutse a bakin titi ba tarkace ba ne. Akwai lokacin da ake fassara shi zuwa Turanci da wasu harsuna, yaran ƙasashe da yawa kuma ta cikinsa suka fara jin labarin dajin Afirka.

Da Sirga muka fara, kuma shi ne ya fi karɓuwa a gidana. Labari ne na wani yaro mai suna Oulé da wata ƴar zakanya da aka haifa rana ɗaya da shi, suka tashi tamkar tagwaye, yaron yana koyon daji daga wurin dabbobi, har ranar da masu farautar bayi suka faɗa wa garinsu suka raba su. Bayan sallar isha'i muke zama a tsakar gida, in karanta shafi ɗaya da Faransanci, sannan in maimaita shi da Hausa saboda ƙaramar, kuma ta haka ne mahaifiyata, wadda ta zo mana daga Tawa, ta shiga cikin masu sauraro ba tare da an gayyace ta ba. A dare na biyu ta katse ni ta ce wannan ai ba labarin Nasara ba ne, a wurinmu ya ji shi. Ta gaya wa jikokinta yadda a da wasu gidaje ke da dabbar da suke kira kan gida, wadda ba sa kashewa kuma ba sa cin namanta domin suna ganin akwai alkawari tsakaninta da kakanninsu, da yadda ake faɗin cewa tsofaffin mahalban Adar suna da asirin da dabba ba ta ganinsu. Ban ga wata shaida da ta fi wannan ba a kan cewa Guillot ya kasa kunne da gaske lokacin da yake zaune a cikinmu: tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta gane ƙashin bayan labarinsa tun kafin a kai tsakiya. Wannan littafin ne Patrick Grandperret ya mayar da shi fim a 1993 da sunan L'Enfant lion, kuma akwai muryar Salif Keita a waƙoƙinsa, don haka wasu iyayen za su tarar sun san labarin ko da ba su taɓa riƙe littafin ba.

Abin da ya sa nake ganin waɗannan littattafai sun cancanci kuɗinsu ya shafi bambancinsu da tatsuniyarmu, kuma a nan zan ɗan daɗe. Mu ba mu rasa labaran dabbobi ba. Yaron da ya tashi a gidan Hausawa ya san Gizo da tsamin bakinsa, ya san Ƙoƙi, ya san dila malamin daji, ya san kura mai kwaɗayi da tsoro, ya san zaki manyan dawa. Sai dai dukan waɗannan mutane ne sanye da fatar dabba. Kurar tatsuniya maƙwabcinmu ce mai haɗama, dila kuwa malamin da ya fi kowa wayo a unguwa, kuma manufar labarin ita ce yaro ya san halin ɗan Adam kafin a ce ƙurunƙus. Wannan aiki ne mai daraja, amma yaro zai iya jin tatsuniyar kura ɗari bai san cewa kura mai dabbare-dabbare gwanar farauta ce da ke kashe mafi yawan abin da take ci da kanta ba, bai kuma san cewa a garkensu mata ne ke gaba da maza ba. Dabbar Guillot ta fi kusa da dabbar Allah. Tana jin ƙishirwa idan tafki ya ƙafe, tana sansanar iska kafin ta fito fili, tana gane warin mutum ta ji tsoro, tana bin ruwa da ciyawa yadda damina da rani suka juya su. Na lura cewa tambayoyin ɗana sun canja a cikin makon nan: ya daina tambayar wa ya ci nasara, ya koma tambayar me ya sa dabbar ta bi ta nan ba ta bi ta can ba. Irin wannan tambayar ce malamin kimiyya ke fama ya samu daga bakin ɗalibi a aji, kuma na same ta a kan tabarma da jika ɗaya da ƴan kai.

Duk da haka bai kamata a ɗauki littattafan a matsayin darasin ilimin dabbobi ba, kuma Sama shi ne misali. Tun daga sunan aka fara dariya a gidana, domin ƙaramar ta ɗauka giwar a sararin sama take zaune, sai da na bayyana mata cewa da harshen Bambara sama shi ne giwa. Labarin yana bin rayuwar toron giwa tun yana jariri a cikin garke, kuma an rubuta shi da tausayi da natsuwa, amma sunan littafin da kansa ya riga ya naɗa masa rawani, ya kira shi yarima. Wato Guillot ya cire wa dabba rigar maƙwabci, sai kuma ya yafa mata alkyabbar sarauta. Abin da aka sani a yau shi ne garken giwaye tsohuwar uwa ce ke jagorantarsa, ita ce ke tuna inda ruwa yake a shekarar fari, ƴaƴanta mata da jikokinta suna biye da ita, mazan kuwa suna barin garken idan sun balaga. Ba na ɗora masa laifi mai yawa a kan wannan, domin binciken da ya tabbatar da haka dalla-dalla ya zo ne bayan littafin: Iain Douglas-Hamilton ya fara nasa a Manyara ta Tanzaniya a 1965, Cynthia Moss kuma a Amboseli ta Kenya a 1972. Mu ma da muke yi wa sarakuna kirari da toron giwa irin wannan kuskuren muke yi. Amma uban da zai karanta wa ƴaƴansa ya kamata ya riƙe wannan a ransa, ya tsaya inda ya dace ya gyara, ya kuma ƙara musu da abin da ya fi ƙirƙira ban mamaki, kamar cewa giwa tana ɗaukar ciki wata 22. Mahaifiyata da ta ji wannan sai ta yi salati, ta ce lallai mata su gode wa Allah.

Na ukun, Crin-Blanc, ba a Afirka yake ba, kuma asalinsa ba na Guillot ba ne: fim ne da Albert Lamorisse ya yi a 1953, Guillot ya mayar da shi littafi daga baya. Labarin wani farin doki ne na daji a fadamun Kamarg da ke kudancin Faransa, da wani yaro masunci mai suna Folco wanda shi kaɗai dokin ya yarda da shi, alhali makiyaya suna ta ƙoƙarin kama shi. Shi ne mafi sauƙin Faransanci a cikin huɗun, kuma babban ya karance shi da kansa a kwana uku. Gargaɗina kawai shi ne ƙarshensa, inda yaron da dokin suka gwammace su faɗa ruwa su nufi teku da su koma hannun masu binsu. Da na karanta wa ƙaramar, ta ƙi yarda cewa nan labarin ya ƙare, ta yi kuka, ta zarge ni da ɓoye sauran. Wanda ɗansa bai kai shekara 10 ba ya fara karanta shafukan ƙarshe shi kaɗai kafin ya yanke shawara.

Inda na fi samun damuwa ba wajen dabbobin ba ne, wajen mutanen ne. Dole a yaba wa Guillot cewa a 1951, lokacin da ƙasashenmu ke ƙarƙashin mulkin mallaka, ya sa yaro baƙar fata ya zama gwarzon littafi, mai hankali da ƙarfin zuciya, ba ɗan rakiyar wani Bature ba. Amma Afirkar da ke cikin waɗannan shafuka Afirka ce ta daji da asiri da ganga, wadda aka zana domin yaron Paris ya buɗe baki. Mai karatu ba zai fita daga cikinta da sanin cewa a wannan yankin akwai birane irin su Agadas da Damagaram da Kano, masu kasuwanni da alƙalai da makarantun allo da fatake masu ƙetare Sahara tun ƙarnoni da dama ba. Mutumin da ya yi shekara 20 yana koyar da ƴaƴan Afirka lissafi ya san akwai wata Afirkar, amma ba ita ya zaɓa ya nuna ba. A ganina ya kalli giwa da idon da ya fi wanda ya kalli mutum da shi kaifi. Wannan bai sa na hana yarana littattafan ba, amma ya sa na ƙi barin su su kaɗai da su, domin yaron da ke karanta labarin ƙasarsa daga bakin baƙo yana buƙatar wani nasa a kusa da zai ce masa nan gaskiya ne, nan kuma ado ne.

Saboda haka ne na tambayi dattijon ko yana da littattafan yara na Boubou Hama, domin in haɗa musu biyun. Boubou Hama, wanda aka haifa a 1906 a Foneko ta yankin Tera ya kuma rasu a 1982, ya yi karatu a makarantar William Ponty a Senegal, ya zama malamin makaranta, daga baya ya shugabanci majalisar dokokin ƙasar nan har zuwa 1974, kuma tare da Andrée Clair ya rubuta wa yara littattafai irin su Le baobab merveilleux da La savane enchantée. Dajin nan ɗaya ne, amma mai ba da labarin a cikinsa aka yanke masa cibiya. Dattijon ya san sunan sarai, amma ya ce ba su cika zuwa hannunsa ba, in ma sun zo ba sa kwana. Wannan gibi ne babba a hajarsa, ko da yake ba shi ya haƙa shi ba: abin da ke isowa shimfiɗa irin tasa shi ne abin da aka buga da yawa a Faransa aka kuma gaji da shi a can, ba abin da ɗan Nijar ya fi buƙata ba.

Akwai kuma wani nauyi da littattafan suka ɗora mini wanda ban yi tsammani ba. Bayan mun gama Sirga, babban ya tambaye ni ina ne a Nijar za a je a ga zaki yana yawo da kansa. Amsar ita ce gandun dajin W, wanda ya samo sunansa daga yadda kogin Kwara ya yi lanƙwasa a wurin kamar wannan harafin, aka kafa shi a 1954, UNESCO kuma ta sa ɓangaren Nijar cikin kayan gadon duniya a 1996. Wani bincike da aka buga a 2014 ya ƙiyasta cewa zakunan da suka rage a dukan Afirka ta Yamma kimanin 400 ne kawai, mafi yawansu a dazuzzukan W da Arli da Panjari da suka haɗa mu da Burkina Faso da Benin. Mashigar Tapowa ba ta fi tafiyar kilomita 150 daga Yamai ba, amma halin tsaro ya sa ba wuri ne da uba zai ɗebi yara ya nufa da kwanciyar hankali ba a yanzu. Raƙuman dawa na Kure, waɗanda suka ragu har zuwa 49 a 1996 kafin kulawa ta sa su haura 600, har aka ɗebi 8 aka kai Gadabeji a 2018, suna kimanin kilomita 60 ne daga gidana, amma tun harin da ƴan bindiga suka kai can a watan Agusta na 2020 mutane da yawa suka ɗauke ƙafa. Mahaifiyata ta ce tana yarinya ana ganin jimina da barewa a arewacin Tawa ba sai an nema ba, kuma farin 1973 da na 1984 da bindiga da gatari ne suka share su. Abin da na iya yi shi ne na kai yaran gidan tarihi na ƙasa, wanda ke ɗauke da sunan Boubou Hama ɗin nan, suka ga zaki da kura da dorina ido da ido. Babban ya daɗe tsaye gaban zakanya yana duban tafin ƙafarta da yadda kunnenta ke motsi, abin da na tabbata ba zai yi ba da bai karanta littafin ba, domin a zuwanmu na baya gudu kawai yake yi daga keji zuwa keji.

Game da harshe, kada mai saye ya ruɗu da cewa an rubuta na yara ne. Faransancin Guillot na littafi ne irin na da, jimlolinsa suna da tsawo, yana ba da labari da sigar passé simple, wato shuɗaɗɗen lokaci irin na rubutu, daga farko har ƙarshe, kuma yana da sunayen itatuwa da tsuntsaye da sassan jikin dabba waɗanda ba sa cikin littafin karatun firamare. Yaron da ya gama CM2 da ƙarfinsa zai iya, da ƙamus a gefe. Wanda bai kai nan ba sai an karanta masa an kuma fassara. Fassarar da nake yi da baki kowane dare ta nuna mini yadda labaran ke zama daram a Hausa, domin muna da kalmomin tun asali: toro, zakanya, ɓauna, gwanki, mariri, kurmi, fadama, sansana, sanɗa. Tun da dokar da aka kafa a 2025 ta ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa, irin waɗannan littattafai ne ya kamata masu buga littafi su fara dubawa, ko su nemi izinin fassarawa, tun da a dokar Faransa haƙƙin marubuci yana nan har shekara 70 bayan rasuwarsa, wato na Guillot sai bayan 2039, ko kuma, abin da ya fi, su sa marubutanmu su zauna da sauran tsofaffin mahalba kafin ƙasa ta rufe musu ido.

Saura aibin hajar, kuma yana da yawa. Takardar ta yi ja, tana karyewa idan aka lanƙwasa kusurwa, ɗinkin biyu daga cikin littattafan ya saki har sai da na nemi gam da zare na gyara, kuma gara ta ɗanɗana gefen Sama ko da yake ba ta kai ga rubutu ba. Uku suna ɗauke da hatimin ɗakunan karatu na Faransa da alamar cewa an cire su daga aiki, wanda ba laifi, amma ɗaya yana da hatimin wata makaranta ta cikin garin nan, kuma wannan ya tsaya mini a rai, domin littafin da ya bar ɗakin karatun makaranta ya zo bakin titi da wuya a ce ta ƙofa ya fita. Wurin kansa babu inuwa bayan hantsi, babu wurin zama, kuma da hadari ya taso zai tattara ya rufe, saboda haka a damina safiya ce lokacin zuwa.

Babban aibin ya faɗa kan na huɗun, Kpo la panthère, labarin damisa, wanda na fi ɗokin karantawa domin in ga yadda marubucin zai yi da dabbar da mu muke yi wa kirari da ƙi sabo. Muna tsakiyarsa, labari ya ɗauki zafi, sai na juya shafi na tarar lambar ta yi tsalle daga 96 zuwa 113. Ɗauri guda na shafi 16 ya fita tun kafin littafin ya zo hannuna, kuma da yake bangon yana nan lafiya ban lura ba a wurin saye. Rabin laifin nawa ne, domin wanda zai sayi tsohon littafi ya kamata ya bi lambobin shafi ɗaya bayan ɗaya kafin ya biya, ko da mai kaya yana ganin ya cika bincike. Amma rabin nasa ne, tun da mutumin da ya san hajarsa har ya zaɓar wa yaro littafi daidai da ajinsa bai kamata wannan ya wuce shi ba.

Na mayar masa washegari. Bai yi gardama ba, bai kuma ce ai na gani kafin in saya ba, ya juya littafin, ya ƙirga shafukan da kansa, ya ce: "Wallahi Mushe ban gani ba, ka yi haƙuri." Kuɗi dai bai mayar ba, domin a cewarsa abin da ya shiga aljihu da safe ya riga ya zama cefane, amma ya ce in zaɓi kowane littafi a kwalin ba tare da ƙarin ko dala ba, in kuma riƙe mai giɓin tun da ba zai iya sayar wa wani da shi ba yanzu da ya sani. Na ɗauki wani ƙaramin littafi na tsuntsayen Afirka ta Yamma mai zane-zane, wanda ƙaramar ke amfani da shi yanzu wajen gane abin da ke sauka a kan bedin ƙofar gidanmu. Na bar masa saƙo biyu, cikakken Kpo da duk wani littafin yara na Boubou Hama da ya faɗo hannunsa, ya rubuta sunayen da biro a jikin kwalin, ya ce in leƙo bayan an koma lakwal, lokacin da masu kawo masa tsofaffin littattafai suka fi yawa. Namu mai giɓin yana kan kanta a ɗaki, da tsinken tsintsiya a shafi na 96, kuma babban ya riga ya cika shafi huɗu na kayensa da abin da yake zaton ya faru da damisar a shafukan da suka ɓata.